Neman Sawun Kakanni: Tambayoyi da Amsoshi Kan Takardun Soja, Rajistocin Gari da Wasiƙun Gida

Kakana ya je Yaƙin Bama ya dawo, ya rasu ina ƙaramin da bai san abin tambaya ba. Sai da na girma na shiga neman labarinsa, kuma tun daga lokacin mutane ke tare ni da tambayoyi kusan iri ɗaya, a wurin biki ko a waya. Su ne na tattara a nan, da amsoshin da zan iya tsayawa a kansu.

Daga ina zan fara?

Daga ɗakin tsohuwar gidanku, kafin kowane ofishi. Ni na ɓata kusan shekara ina laluben intanet da sunan kakana, ban sami ko ƙyallinsa ba. Rannan na je gaida gwaggona, na ambaci maganar, sai ta ce da wani yaro ya jawo mata akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A ƙasan wasu tsofaffin zannuwa akwai ƙullin tsumma, cikinsa lambobin girma uku da suka yi duhu, da wani ɗan littafi mai bangon kwali wanda gara ta ci gefensa, da wasiƙu huɗu. Ta ce, “Ai tun rasuwar Inna suke nan, ba wanda ya taɓa tambaya.” Ɗan littafin nan takardar sallamarsa ce daga soja, kuma a shafin farko aka rubuta lambarsa ta soja. Duk abin da na gano daga baya, daga wannan lambar ya faro.

Saboda haka ka bi adudu, da akwatin ƙarfe, da gafakar malamin gidan, da bayan tsofaffin hotunan da ke rataye a bango. Ka duba gefen shafukan littattafan addini na gado, domin malamai da yawa a nan suke rubuta ranar haihuwa da ranar rasuwa.

Yaya zan yi wa tsofaffi tambaya su saki jiki?

Kada ka je da takarda da biro kamar ma'aikacin ƙidaya. Ka je gaisuwa, da ɗan goro ko turare, ka zauna. Ka nemi izini ka kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, ka ajiye ta gefe a mance da ita. Tambayar “a wace shekara?” ba ta haifar da komai. Wadda ke buɗe baki ita ce irin “Gwaggo, ranar da ya dawo, wa ya fara ganinsa?” ko “Baffa, da wa yake zama a ƙofar gida da yamma?”

Ka lura da alkunya. Matar mutum ba za ta kama sunansa ba, sai ta ce Malam ko maigidan, uwa kuma ba ta kiran sunan ɗan farinta. Sunan yanka sai ka nema wajen ƙanne ko abokan wasa. Sa'an nan ka tambayi kowa shi kaɗai. In ka tara su wuri guda, babban cikinsu ne zai yi magana, sauran su bi shi da “haka ne”, alhali sau da yawa tsohuwar da ta yi shiru a gefe ita ce ta fi kowa riƙe zancen.

An ce kakana ya je yaƙi, amma ba a san wanne ba. Yaya zan gane?

A bakin mutanenmu yaƙe-yaƙen Turawa sun cakuɗe, ana ce musu Yaƙin Jamus, Yaƙin Hitila, Yaƙin Bama, wani lokaci duk a kan mutum ɗaya. Sunan wurin da ya riƙa ambata shi zai raba gardama.

In ana tuna Garwa ko Mora, to Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, lokacin da sojojin Najeriya suka kara da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916. Daga nan aka kwashi wasu zuwa Gabashin Afirka, ƙasar da yau take Tanzaniya, inda aka yi mummunan gumurzu a Mahiwa a 1917. In ana ambaton Habasha, Mogadishu ko Harar, wannan farkon Yaƙin Duniya na Biyu ne, 1940 zuwa 1941, a kan Italiyawa. In kuwa ana maganar jirgin ruwa, da Bombay, da daji mai ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, da Japanawa, to Bama ce, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, ba garin Bama na Borno ba. Na taɓa haɗuwa da saurayin da ya girma yana zaton a Borno kakansa ya yi yaƙin.

Runduna biyu ta Afirka ta Yamma suka je Bama. Ta 81, wadda aka kafa a 1943, tambarinta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan. Ta 82, mai tambarin mashi biyu gicciye a kan gammo, ta bi yankin Arakan, kuma a Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu wajen kama Myohaung. Akwai kuma bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya da aka haɗa da dakarun Janar Wingate, waɗanda ake kira Chindit, aka sauke su ta jirgin sama a bayan abokan gaba a 1944. In ka ga ɗan ƙyalle mai ɗaya daga tamburan nan a cikin kayan tsohon, ka riga ka san rundunarsa. Sunayen wuraren ma ba su ɓace mana ba, suna manne a barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Arakan da Myohaung da Dodan a Legas. Mutum zai yi shekara talatin yana wucewa ta gaban bariki bai san sunan wurin da kakansa ya kwana cikin rami ba ne.

Wanda ya je Kwango kuwa daga 1960 zuwa 1964 ne, yaƙin basasa kuma 1967 zuwa 1970.

Me ya sa ake nanata lambar soja? Suna bai isa ba?

Bai isa ba ko kaɗan. Ranar ɗaukar kurtu, akawu yakan rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan gari: Garba Kano, Musa Bauchi, Ali Zinder. A bataliya guda sai a sami masu suna ɗaya birjik. Garin ma ba lalle ne nasa ba, wataƙila nan aka ɗauke shi, ko shi ne babban garin da Baturen ya sani kusa da ƙauyensu. Ga kuma rubutun kunne: Muhammadu ya koma Momadu ko Momo, Audu ya zama Awudu, Ibrahim ya zama Braima.

Mu ma da namu. Abubakar ɗaya shi ne Garba, shi ne Habu, Buba ko Bukar. Umaru kan amsa Sanda, Yusufu Maitama, Usman Shehu. Wani kuma da sunan rana ya shiga, Ɗanladi ko Ɗanjuma. Wanda ya gudo daga gida, ko yake ɓoye wa iyayensa, sabon suna yake ƙirƙira a ƙofar bariki. Lamba ce kaɗai ba ta sauyawa. Na sojojin Najeriya a Yaƙi na Biyu kan fara da NA, na Gana da GC. Ka neme ta a takardar sallama, katin fansho, bayan ambulan, ko katin ƙungiyar mazan jiya.

Kada kuma ka ɗauka duk wanda aka rubuta Bahaushe a takardar soja Bahaushe ne. Tun daga ƙaramar rundunar da Glover ya kafa a Legas a 1863, Turawa suka saba kiran sojojinsu Hausawa, kuma Hausa ce harshen bariki. Zabarmawa, Barebari, Dakarkari, Tibi da mutanen kudancin Chadi da yawa sun shiga ƙarƙashin wannan suna.

Mun sami lambobin girma a gida. Me za su gaya mana?

Ka fara duba baki da bayansu da kyau cikin hasken rana. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya an zana musu lambar mutum da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa, saboda haka in irinsu ne, ka tsinci dami a kala. Na Yaƙi na Biyu galibi ba suna aka raba su, amma suna faɗin inda mutum ya je. Tauraro mai ƙyalle shuɗi da ja a tsakiya da ratsin ruwan lemo na Bama ne. Mai ƙyalle ruwan ƙasa da jan ratsi a tsakiya na Afirka ne, wato Habasha ko Arewacin Afirka. Kada a goge su da toka ko yashi don su yi ƙyalli, rubutun ake kankarewa.

To ina takardun sojan suke?

A warwatse suke. Babban gidan adana takardun gwamnatin Ingila yana unguwar Kew a Landan, kuma jerin abin da ke cikinsa yana intanet, kowa na iya bincikawa kyauta. Katunan lambobin girma na Yaƙi na Ɗaya suna rukunin WO 372. Takardun da hafsoshi suka rubuta suna neman a ba soja lambar bajinta suna WO 373, kuma waɗannan suna da daɗin karantawa, don a ciki ake bayyana abin da mutum ya yi a rana kaza, a wuri kaza. Kundin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum yana WO 95 ga Yaƙi na Ɗaya, WO 172 ga Bama, WO 173 ga Afirka ta Yamma.

Gara in faɗa maka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci: kundin bataliya da wuya ya kama sunan baƙin soja. Zai ce Laftana wane ya ji rauni, sa'an nan ya ce “da sojojin Afirka shida”. Ranar da na fara karanta irin wannan layi sai da na ajiye takardar na ɗan lokaci. Shida ɗin nan kowanne da uwarsa. Duk da haka kundin na da amfani, domin in ka san ƙungiyar da kakanka yake, za ka bi ta rana bayan rana, ka san kogin da suka haye, da ranar da jirgi ya jefo musu abinci, da watan da zazzaɓi ya kwantar da rabinsu.

A gida kuwa, akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa reshen Kaduna, inda fayilolin lardunan Arewa suke, masu alamar SNP, KANOPROF, ZARPROF, SOKPROF da sauransu. Ka nemi fayilolin ɗaukar soja, da na sallama, da na samar wa tsofaffin sojoji aiki bayan 1945, don da yawansu an mai da su 'yan doka, masinjoji, direbobi da masu gadi a En'e. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike a 1970, yana da tarin tsofaffin takardu da jaridu. A shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, za ka ji yadda labarin yaƙin ke isowa gida da Hausa. Ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa yana Lokoja, sai a rubuta musu da lamba da cikakken suna. Kada ka raina ofishin ƙungiyar mazan jiya na jiharku, tsofaffin da ke zama a wurin sun san juna da iyalan juna.

Wani ofishi da na je sau uku ana ce mini mai mabuɗin ba ya nan. A zuwa na huɗu na sami wani dattijon ma'aikaci da ya ɗauki abin kamar nasa, ya fito mini da fayil a cikin rabin sa'a. Ka tafi da haƙuri, da takardar gabatarwa in kana da ita.

Namu bai dawo ba. Za a iya sanin inda aka binne shi?

Ana iyawa, musamman ga Yaƙi na Biyu. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, CWGC, tana da rumbun sunaye a intanet kyauta. Ka sa lamba in kana da ita, in babu ka gwada suna da kowane irin rubutu. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon a Bama akwai kaburburan 'yan Afirka ta Yamma, ga kuma ginshiƙan tunawa masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da namu.

Na Yaƙi na Ɗaya ne abin takaici. A 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su sam, kuma ta nemi gafara. 'Yan dako su suka fi shan wannan wulaƙanci. Idan ka duba ba ka ga naka ba, wannan ba hujja ba ce cewa tsofaffinku sun yi ƙarya.

Mu 'yan Nijar ne, kakanmu sojan Faransa ne. Hanyarmu ɗaya?

Dabam ce, kuma ta wani gefen ta fi sauƙi, don Faransawa mutanen rajista ne. Duk baƙin sojansu na Afirka ta Yamma tirayar na Senegal ake ce musu, ko daga Damagaram, Tawa ko Maraɗi mutum ya fito, saboda a Senegal aka kafa rundunar a 1857. Abin nema a gida shi ne ɗan littafin soja, da katin ansiyan kombatan, wato na mazan jiya, da littafin fansho. Ciki za ka ga lamba, da ajin shekarar ɗauka, da kanton da sarkal ɗin da ya fito, da sunan uba da na uwa. Shekarar haihuwa kintace ce, shi ya sa suke rubuta “wajen shekara kaza”.

Da waɗannan sai a rubuta wa cibiyar adana fayilolin sojoji da ke garin Pau a Faransa. Wanda ya mutu a fagen fama a duba shi a rumbun Mémoire des hommes. Takardun mulkin mallaka suna Yamai, da Dakar, da Aix-en-Provence. In an ce an kama shi a 1940, ka sani Jamusawa galibi a sansanoni cikin Faransa suka tsare baƙaƙen fursunoni, kuma wasu daga irin waɗannan fursunonin ne sojojin Faransa suka buɗe wa wuta a Thiaroye ranar 1 ga Disamba 1944, kan sun nemi haƙƙinsu. Waɗanda aka ɗauka daga baya Indocin, wato yankin Vietnam, ko Aljeriya aka kai su.

Ina jin Turawa na amfani da kundin adireshi na gari. Muna da irinsa?

A Amurka da Ingila a da an daɗe ana buga littafi duk shekara ko shekara biyu, mai jera magidantan gari da sana'arsu da titinsu. Mai bincike sai ya bi shekara-shekara ya ga lokacin da kakansa ya shigo gari, da lokacin da ya sauya gida, da shekarar da aka fara rubuta matarsa a matsayin wadda mijinta ya rasu. In danginka sun zauna can, ka neme shi a laburaren garin.

Garuruwanmu ba su da wannan, sai dai littafin lambobin tarho da jerin sunayen ma'aikatan gwamnati, waɗanda manya da 'yan kasuwa kaɗai ke ciki. Abin da ya tsaya mana a madadinsa shi ne littafin haraji. Kowace shekara mai unguwa da dagaci da malamin haraji sukan rubuta magidanta gida-gida, har zuwa 1979 da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Wasu littattafan sun tsira a gidajen hakimai da dagatai, rasiɗan kuma sukan fito daga akwatunan gida. Akwai rajistar fuloti ta unguwannin da aka yanka a zamanin Turawa, irin su Tudun Wada da Sabon Gari, da rajistar shiga makarantar elimantare, wadda ke ɗauke da sunan uba da sana'arsa.

Wanda na fi so duk cikinsu shi ne littafin alƙali, musamman shari'ar rabon gado. A shafi ɗaya za ka sami sunan mamaci, da matansa, da 'ya'yansa maza da mata, da gonakinsa da maƙwabtan gonakin. Mata, waɗanda littafin haraji da na soja suka tsallake, a nan suke bayyana da sunayensu. Ka tambaya a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, ko ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko tsohuwar kotun yankinku. Da yawa da Larabci aka rubuta, sai ka tafi da mai karanta rubutun hannu na da.

Wasiƙun da muka samu da ajami ne, kuma kusan duk gaisuwa ce. Suna da amfani?

Gaisuwar ita ce amfanin. Ɗaya daga wasiƙun kakana, bayan “gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci”, layi goma sha ɗaya ta yi tana jera mutane: a gaida wance, a gaida wane da ƙaninsa, a gaida amaryar wane. Labarin kansa bai wuce yana lafiya, ya aiko da kuɗi a saya wa mahaifiyarsa zane, a biya masa haraji ba. Da farko na ji kamar an rage ni. Da na karanta wa gwaggona sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai ta riƙa tsayar da ni: wannan ƙanwarsa ce da aka aurar Gusau, wannan wansa ne da ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Daga wasiƙa ɗaya muka farfaɗo da rassa biyu na zuriya da na kusa da ni ba su taɓa jin labarinsu ba. Jerin gaisuwa ƙidayar gida ce ta wannan shekarar, kuma yadda aka jera su yana nuna girma. Wanda ke cikin wasiƙar farko ya ɓace a ta uku, ka tambayi abin da ya same shi.

Rashin labarin yaƙi ba abin mamaki ba ne, don ana tace wasiƙun sojoji, ba a yarda su faɗi inda suke ba. Yawancinsu ma ba su ne suka rubuta da hannunsu ba, wani abokin bariki mai ilimi ne, amsar kuma malamin unguwa ko mai rubutun wasiƙa na bakin gidan waya. Kada ka yar da ambulan. Hatimin gidan waya, da kan sarki, da lambar soja da sunan ƙungiyarsa a baya, sau da yawa sun fi abin da ke ciki bayani.

Wajen karatu, ka nemi dattijon malamin zaure wanda ya saba da warash da rubutun allo. Ajami ba shi da ƙa'ida ɗaya, hannun Sakkwato dabam da na Kano, kuma sunaye su suka fi rikitarwa. Ka sa mutum biyu su karanta, kowa shi kaɗai.

Ba kwanan wata, ko kuma na Hijira ne. Yaya zan san shekarar?

Na Hijira mai sauƙi ne: ka ninka shi da 0.97 ka ƙara 622. Shekarar 1363 za ta ba ka 1944. In babu komai, sai a jingina da abin da kowa ya shaida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yunwar Ƙaƙalaba 1913 zuwa 1914 ce, annobar Marisuwa 1918, saukar jirgin sama na farko a Kano 1925, zuwan Sarauniya 1956, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne: Abdullahi Bayero ya yi sarautar Kano daga 1926 zuwa 1953, Muhammadu Dikko ya rasu a Katsina a 1944, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau a 1938. Tsohuwar da ba ta san shekararta ba za ta iya gaya maka tana goyon wane aka naɗa sarki wane.

Yaya zan adana abin da na samu?

Hoto tukuna, gaba da baya, a inuwa mai haske, ka tura wa 'yan'uwa uku aƙalla. Kada a manne takarda cikin leda mai zafi. Wani ɗan'uwanmu ya yi wa wasiƙa ɗaya haka da kyakkyawar niyya, zafin ya sa tawadar ta baje, layi biyu sun tafi har abada. Kada a sa salatif ko gam. A shimfiɗa kowace tsakanin farar takarda, a sa a akwati mai murfi, a ɗaga daga ƙasa saboda gara da damina. Kuma kayan na gidan ne. In ka ara, ka mayar.

Danginmu sun bazu Gana da Sudan. Ta ina zan kamo su?

A zangon Kumasi, Accra ko Salaga, ka fara da sarkin zango da limamai, su ne ke riƙe da tarihin wanda ya zo daga ina. Fataucin goro ya kai wasu, aikin soja da ɗan sanda ya kai wasu, kuma korar baƙi ta 1969 ta raba gidaje da yawa biyu. A Sudan, zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suna Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, ga kuma alhazan ƙasa da suka tsaya noman auduga a Jazira suka zauna. A irin waɗannan wurare sunan unguwar asali da kirarin gida da tsagen fuska sun fi takarda saurin haɗa zumunta.

Takarda ta saɓa da abin da aka gaya mana a gida. Wa zan gaskata?

Ka riƙe duka biyun, ka tambayi kowanne a ina ya tsaya lokacin da abin ya faru. Takarda ta fi ƙarfi a kan kwanan wata, lamba da runduna. Tsofaffi sun fi ta a kan suna, dangantaka da dalili. Akawun da ya rubuta shekarun kurtu kallonsa kawai ya yi ya kintata.

A gidanmu an tashe mu da cewa kakana igwa yake harbawa. Takardar sallama ta nuna yana cikin rukunin masu ɗaukar kaya na runduna ta 82. Na yi kwanaki ban gaya wa kowa ba. Da na karanta yadda yaƙin ya gudana sai kunyar ta koma kaina, don a tsaunukan Arakan inda mota ba ta shiga, a kan waɗannan mutane harsashi da abinci da sassan igwa da masu rauni suke tafiya, kuma gammon da ke tambarin rundunar nasu ne. Mai yiwuwa igwar da ake faɗa a gida ita ce wadda ya ɗauka a ka. Na rubuta riwayoyin biyu gefe da gefe, kowace da sunan wanda ya faɗe ta.

In na tono abin da dangi ba sa son ji fa?

Zai iya faruwa. Cikin sojojin farko akwai bayin da suka gudo suka sami mafaka a bariki. Akwai waɗanda suna cikin rundunar da ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ko ta rusa Satiru a 1906. Wani ba soja ya je ba, diban gwamna ne ya kai shi haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944. Wani ya bar mata da ɗa a wani gari. Ra'ayina shi ne kada ka goge komai daga rubutunka, kuma kada ka watsa komai a dandalin sada zumunta kafin ka zauna da manyan gidan. Maganar asali a ƙasar Hausa har yau tana taɓa aure da mutunci, kuma waɗanda abin zai shafa suna raye.

Gwajin ƙwayar halitta zai taƙaita mini wahala?

Zai iya haɗa ka da wani ɗan'uwa da shi ma ya yi gwajin, ya kuma nuna yankin da jininka ya fi kama da shi. Ba zai ba ka sunan kakan kakanka ko ƙauyensu ba.

Na tara abubuwa da yawa. Yaya zan tsara su?

Littafi ɗaya mai kauri, kowane mutum da shafinsa: duk sunayen da ake kiransa da su, iyaye, mata, 'ya'ya, garuruwan da ya zauna. Kowace magana ka rubuta a gefenta daga ina ta fito, ko “Gwaggo, ranar kaza” ko lambar fayil da shafi, don bayan shekara biyu ba za ka tuna ba. Abin da kake zato ka sa shi da fensir. In Sallah ta zo an taru, ka buga shafukan ka miƙa wa manya su gyara maka. A irin wannan zama ne wani baffana ya dubi hoton kakana cikin kaki, ya nuna mutumin da ke tsaye a hagunsa, ya ce ya san gidan jikokinsa a Zariya. Wata mai zuwa zan je, in Allah ya yarda, don an ce su ma suna da akwati.